Wardin da Baba Ya Ƙi Ba Ruwa

Har yau in aka zo biki aka ɗauko kwalbar ruwan wardi ana yayyafa wa mutane a hannu, ni janye nawa nake yi. Jikokina sun ɗauka mura yake sa ni. Ba mura ba ce, haushi ne, kuma ya fi shekara hamsin yana nan inda na ajiye shi, ko kaɗan bai ragu ba.

A unguwar Misfala ta Makka aka haife ni, can ƙasa-ƙasa inda mu 'yan takari muke, a gidajen da ake kafawa da katakon akwati da garwar kananzir da aka farke aka miƙar. Wannan kafin a fara rushe-rushen faɗaɗa Harami ne, lokacin famfo bai shiga gidan kowa ba a wajenmu. Baba sakka ne, wato ɗan ga-ruwa. Garwa biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, rataye a sandar gora bisa kafaɗa. Ya cika su a bazan, inda ake layin ɗiban ruwan unguwa, ya haura da su gidajen masu hali, hawa huɗu, hawa biyar, ya juye a randa, ya sauko ya koma layi. Haka yake tun kafin a haife ni. Inna ta rasu ina ƙarama, aurena na fari kuma bai yi ƙarko ba na dawo gida, don haka ni nake ganin kafaɗar nan kullum bayan la'asar.

Kafaɗar dama ce. Da farko kanta ce kawai, baƙa, mai tauri kamar ƙasan takalmi. Daga baya kantar ta tsage ta zama gyambo, gammo ya riƙa mannewa a ciki, sai na jiƙa shi da ruwan ɗumi kafin ya fita. Ya koma ta hagu, ita ma ta fara. Gwiwoyinsa kuwa, in zai tashi daga sallah sai ya dafa bango. In na ce, "Baba, aikin nan zai kashe ka," sai ya ce, "To me za mu ci, ke?" Gaskiyarsa ce. Abin da nake nema a duniya a lokacin guda ɗaya ne tak, in ga ranar da zai ajiye sandar nan.

Ni wanki nake yi a gidan wata tsohuwa Balarabiya wadda mijinta ya rasu, kowa Sitti yake ce mata. Mace ce mai ido, ba muguwa ba, amma ba ta maimaita magana. Tana da lambu a Hada, saman dutse ta hanyar Ɗa'if, kuma duk shekara in zafin Makka ya fara narka mutane sai ta kwashe mu mu hau. A lokacin babu hanyar mota ta nan. A bi ta Arfa a yada zango a gindin dutsen, da safe a hau alfadarai, birai suna leƙen mutum daga kan duwatsu. Kafin a kai sama an fara neman mayafi na biyu. Gajimare yakan sauko har tsakar gida, in shanya wanki in kwashe shi da danshi. Ni da na tashi inda ake auna ruwa da moɗa, ranar farko da na ga raɓa tana ɗiga daga ganyen ɓaure sai da na sa harshe na ɗanɗana.

A shekara ta uku da nake hawa, mai gadin lambun ya ce ya gaji, ya koma garinsu. Ɗaki ne ɗaya na dutse, da rijiya a tsakiya, da rumman da ɓaure da inabi waɗanda suka riga suka girma suna ji da kansu. Aikin tsoho ne sosai. Na durƙusa gaban Sitti na roƙa wa Baba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ɗaga carbinta ta nuna lambun.

"Kin ga nan? Komai akwai ban da wardi. Wardi nake so, irin wanda ba sai an tsaya a kansa kullum ba, don ba ni da barorin da zan ba fure. Ubanki ya hau da sanyi ya dasa. In na zo baɗi na tarar da shi a raye, ɗakin nasa ne har ƙarshen ransa. In ban tarar ba, halas, shi ke nan."

Ban yi wata-wata ba, na tsallaka wajen maƙwabciyarmu, wata tsohuwa 'yar dutsen da take da wardi jere-jere, irin wanda suke tsinka da sassafe in lokacinsa ya yi, su kai a dafa a fitar da ruwan. Na gaishe ta, na ce ta koya mini wanne ake zaɓa. Ta yi dariya har sai da ta riƙe ciki.

"Ya binti, zaɓe kuma? Wanda kika gani a bakin katangar kowa, shi ne. Ba shi da kyan gani, duk ƙaya ne, furensa ƙarami, sau ɗaya yake yi a shekara. Amma kakata ta dasa wancan, ga shi nan. In sanyi ya kama muna datse shi, ki zo ki kwashi rassan, zubarwa muke yi. Ki soka su a tudu, inda ranar safe take bugawa, iska tana wucewa. Kada ki yi masa rami, kada ki sa shi a inuwa, kada ki jiƙa masa ganye. Ki ba shi ruwa ranar dashe, sannan ki juya masa baya, sama za ta yi sauran. A nan ba ƙishirwa ke kashe wardi ba, laima ce."

Na maimaita maganar nan a raina tun daga saman dutse har Misfala don kada in ɓatar da ko kalma ɗaya. Da na faɗa wa Baba zancen ɗakin, ya ɗaga hannu sama, idonsa ya kawo ruwa. Da a nan maganar ta tsaya da yanzu ba ni da labarin bayarwa. Amma sai Yaya ya ji.

Yaya babban wana ne, yana aiki da wani mai masaukin alhazai a unguwar Jarwal. Ya iya Larabci kamar ruwa, kuma ya iya dogon bayani a kan abin da bai taɓa gani ba. Allah ya jiƙansa, amma ko yanzu in na tuna shi sai in ji kamar in tashe shi in ƙarasa faɗa masa abin da ban faɗa ba. Ya ce ai a saman soron masaukinsu akwai wardi a cikin garewani, wani alhaji ya zo da shi ta jirgin ruwa daga Masar ya bari, furensa ja wur, girman dunƙulen hannu. Ya ce shekara biyu ke nan yana can sama yana shan rana bai mutu ba, kuma maigidansa ya gaji da ba shi ruwa, kyauta zai bayar.

A ƙofar gida aka yanke maganar, bayan la'asar, Baba da abokansa sakka huɗu ko biyar a kan benci, ni ina bayan labulen buhu ina zuba musu shayi. Yaya yana tsaye yana kaɗa hannu kamar mai huɗuba.

"Ku duba fa," in ji shi. "Matar nan ta ce wanda ba ya son wahala take so, ko? To abin da ya sha ranar Makka shekara biyu bai mutu ba, me kuma zai kashe shi? In ya je inda ake sanyi da ruwa ai hutu ya samu."

Duk suka gyaɗa kai. Ba don wauta ba. Mutanen nan ba su taɓa ganin abin da ya mutu saboda yawan ruwa ba. Akuya, jariri, alhajin da ya faɗi a hanyar Mina, duk abin da suka ga ya mutu rana ce da ƙishirwa. In an ce abu yana da juriya, to ya jure Makka, ba su san wani ma'auni ba.

Na kasa haƙuri. Na ce daga bayan labule, "Baba, can ba rana ke kisa ba. Tsohuwar ta ce nasu na dutse za a dasa, laima ce take ruɓar da baƙo."

Sai Yaya ya ce, "Jama'a, ku ji malama. Ta je ta wanke wa Larabawa zani sau uku, ta dawo ta san noma."

Da Baba ya yi shiru ma da na haƙura. Amma abokansa suna kallonsa, kuma 'yarsa ta yi masa gyara a gaban maza. Ya juyo wajen labulen ya ɗaga murya.

"Ke, ni da na yi noma a ƙasarmu tun uwarki ba ta san ni ba? Shekara talatin ina ba Makka ruwa, ke za ki koya mini abin da shuka take so? Koma ciki ki ji da tukunyarki."

Suka kwashe da dariya, har wani ya ƙware da shayi. Noma! Gero da dawa ya noma yana yaro a ƙasar Kano, kafin su kamo hanyar gabas da ƙafa, bai taɓa riƙe reshen wardi ba. Kuma wa ya samo aikin? Wa ya durƙusa a kan tsakuwa gaban Sitti? Na koma ciki na zauna gaban murhu, na ƙona miyar ranar, ban kuwa ba kowa haƙuri ba.

Da sanyi ya kama muka hau, ni da Baba. Sitti ta ba ni kwana goma in gyara masa ɗaki in dawo. Garwa goma sha biyu Yaya ya ɗora mana a kan alfadarai, kuma shi bai biyo mu ba, wai aiki ya yi masa yawa. Da muka fara shiga hazon dutsen Baba ya cire bargonsa ya lulluɓe furannin, shi yana karkarwa a cikin riga ɗaya. Na ce ya yafa abinsa, ya yi kamar bai ji ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ba sakaci ya yi ba. Da sakaci ya yi da sun fi daɗewa. Duk alherin da ɗan Makka ya sani shi ya yi musu. Ya zaga lambun ya zaɓi lungun da ya fi ko'ina inuwa, can ƙasa gindin katanga inda ɓaure ya rufe, don a wajenmu in kana son abu inuwa kake nema masa. Ya haƙa wa kowanne rami mai faɗi ya yi masa baki kamar kwano, don kada ɗigo ɗaya ya gudu. Sannan ruwa. Kai, ruwa! Mutumin da ya yi shekara talatin yana layi a bazan, yau ga rijiya tasa shi kaɗai, ba layi, ba matakala, ba mai ce masa ya yi sauri. Safe da yamma yake cika ramukan nan fal, ya ɗebi ruwa a tafin hannu ya wanke musu ganye ɗaya bayan ɗaya yana yi musu magana.

A rana ta huɗu na je wajen tsohuwar na tarar suna datsa. Ta ɗaure mini rassa ashirin da igiyar kaba, ba ganye ba komai, sai ƙaya. Na kawo na ajiye gaban Baba, na durƙusa, na sassauta murya iyakar iyawata. Na ce, "Baba, ko gefe ɗaya ne a sa waɗannan. Ba za su hana naka komai ba."

Ya ɗaga ɗaurin da yatsu biyu ya jujjuya. "Ƙaya kika kawo mini? Matar nan fure ta ce." Ya wurga shi kan tarin itacen girki.

Na ɗauke abina na haura bayan ɗakin, inda ƙasa ta yi tudu, duk tsakuwa, iska tana kaɗawa har cikin ƙashi. Na samo guntun ƙarfe na riƙa huda ƙasa ina soka su a jere, ƙaya tana yagar mini hannu. Na ba su garwa biyu na ruwa. Ina cikin tattake gindin na ƙarshe na ga inuwarsa a kaina.

"To, kin dasa," in ji shi. "Amma wallahi ko moɗa ɗaya ba zan ba su ba. In kin dawo kya ga aikinki."

Na ce, "Na gode, Baba," da irin muryar da ba godiya a cikinta. Ranar da zan sauka na gaishe shi daga bakin ƙofa, ya amsa bai ɗago ba.

Wata biyar ko shida ina Makka, labari sai ta bakin masu alfadarai. Suka ce an yi ruwa, an yi ƙanƙara, an yi kwanaki ba a ga rana ba. Na tambayi ɗayansu yaya tsohona, ya ce lafiya lau, har ya yi ƙiba, sai dai duk lokacin da ya wuce a kan rijiya yake ganinsa, ko ana yayyafi yana jan ruwa. Na ce don Allah ya gaya masa ya rage ruwan. Da ya dawo ya ce ya faɗa, tsohon ya ce ya ji. Yaya kuwa yana ta yawo a Jarwal yana ba da labarin yadda ya sama wa ubansa aiki a lambun Larabawa.

Da zafi ya dawo muka hau da Sitti. Baba yana bakin ƙofar lambu yana jiranmu, kuma da farko ban gane tsayuwarsa ba. A miƙe yake. Kumatunsa sun ciko. Da ya sunkuya zai kama linzamin alfadarin Sitti wuyan rigarsa ya zame, na ga kafaɗar. Ta rufe. Sabuwar fata ta fito, sumul, ba gammo ba tsumma. Na ji kamar in rungume shi a gaban kowa. Amma bai yarda mun haɗa ido ba, a nan na san abin da zan tarar.

Sitti ko ruwa ba ta sha ba ta ce a nuna mata. Muka gangara lungun. Tara sun zama busassun sanduna, baƙi ƙirin tun daga gindi. Uku suna da sauran ganye, rawaya, duk ɗigon baƙi, da wata farar funfuna kamar an barbaɗa gari. Ramukan sun yi gansakuka suna wari. Kuma cike suke da ruwa, a safiyar nan ma ya ba su, har da matattun.

Sitti ta duba. Ta juya ta ci gaba da zagayawa tana dogara sanda, mu muna bin ta a baya, ta duba rumman, ta duba inabi, ta haura ta bayan ɗaki. Sai ta tsaya.

Ni kaina ban san rassan da na soka sun rayu ba sai lokacin. Goma sha huɗu cikin ashirin sun kama. Sun kai gwiwa, kore shar, sun yi rassa, ba ɗigo ko ɗaya a ganyensu. Babu fure, lokacinsa ya wuce kuma ƙanana ne, amma Sitti ba baƙuwar dutse ba ce. Ta sunkuya ta murza ganye a yatsunta ta sansana.

"Wannan shi ne wardi," in ji ta. "Wa ya dasa?"

Na sha zama in lissafa abin da ya kamata in ce. "Mu muka dasa, Sitti." Shi ke nan fa. Ba ma ƙarya ba ce sosai. Matar nan wardi mai rai ta ce tana so, ga shi ta gani, da ta gyaɗa kai ta tafi shan shayinta. Baba ba zai ce shi ne ba, bai taɓa cin abin da ba nasa ba ko da na magana ne. Ya ɗago ya dube ni. Ni kuma na tsaya ina jira ya ce, "'Yata ce ta zaɓa." Abin da nake so ke nan, ba wani abu ba. Ya faɗa a gaban mutum ɗaya, tunda ya kunyata ni a gaban mutum biyar. Na jira. Ya mayar da idonsa ƙasa yana kallon yatsun ƙafarsa. Sai dariyar bencin nan ta dawo mini a kunne, har da wanda ya ƙware da shayi.

Na ce, "Ni na dasa su, Sitti. Shi kan itacen girki ya jefa su. Ko moɗa ɗaya bai ba su ba."

Tun kafin in rufe baki na san na yi ɓarna. Sitti ta dube ni, ta dubi Baba, ta dubi lungun can ƙasa, sai ta yi 'yar dariya ta hanci.

"Ɗayyib, da kyau. Wanda ya kula da shi ya mutu, wanda ya ƙyale ya rayu. To me zan yi da mai gadi? Maƙwabta sa riƙa leƙawa." Ta juya ga Baba. "Ya ammi, ka huta yau, gobe ka bi masu alfadarai."

Na zube a ƙasa na kama gefen mayafinta. Na ce Sitti ba haka nake nufi ba, na ce shi ya tsare su daga awaki, na ce ki dubi kafaɗarsa, na ce duk abin da ya zo bakina. Ta zare mayafinta a hankali ta ce in je in jiƙa kayan da aka sauke. Na riga na faɗa, ba ta maimaita magana.

Baba bai roƙa ba. Ya ce, "Allah ya saka da alheri, Sitti." Da safe ya naɗe bargonsa ya sa buta a ciki. Na bi shi har bakin gangara ina kuka ina cewa ya yafe mini, ya ce, "Me kika yi? Gaskiya kika faɗa. Koma, za a neme ki." Da zagina ya yi da na fi jin sauƙi. Na koma na yi wata uku ina shanya wanki a igiyar da ke bayan ɗakin nan, kullum sai na wuce ta gaban jeren, suna ta girma abinsu.

Da wa zan fara? Yaya, da aka gaya masa, ya ce ai ruwan dutsen ne bai karɓi furen ba, wataƙila ma baki ne. Har ya mutu bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, kuma ko sau ɗaya bai taɓa karɓar sandar nan ya ce Baba huta yau ba. Sitti kuwa, me ɗaki ɗaya na dutse zai rage mata? A rufe ya zauna, jemagu suka gaje shi. Mutum ya yi mata wata shida yana ja daga rijiya cikin sanyin da bai saba ba, ta sallame shi a tsaye kamar mai tallan da ya kawo ruɓaɓɓen tumatir. Baba ma ina jin haushinsa, eh, ina ji, Allah ya gafarta mini. Kalma huɗu ta gagare shi. Ya gwammace matakalar hawa biyar da ya ce 'yarsa ta fi shi sanin abu ɗaya. Amma duk in na gama zagayawa a kaina nake tsayawa. Su ba su san dutsen ba, ni na sani. Na san Sitti, na san kafaɗar, na ga sabuwar fatar da idona, kuma na buɗe baki don a ce ni ce mai gaskiya.

Da na sauko na tarar fatar ta riga ta sake tsagewa. Sabuwa ce, ba ta da kanta, don haka ta fi da muni. Muka koma yadda muke, ruwan ɗumi da tsumma bayan la'asar. Bai taɓa tayar da zancen Hada ba, ni ma haka.

Bayan shekara biyu wardin ya yi fure sosai, maƙwabta suka tsinke suka kai aka dafa. Da muka hau a shekarar, Sitti ta kira ni ta miƙo mini 'yar kwalba da toshiyar ɓawo. "Na wardinki ne," in ji ta, tana ganin ta yi mini karamci. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya, don wankin nan shi ne rabin abincinmu. Na so in fasa ta a kan dutse a hanya, na kasa. Na kawo ta gida na cusa a ƙasan akwatina.

Wata rana bayan la'asar Baba ya zauna a kan tabarma ya cire riga, na ce ya jira in ɗauko tsumma mai tsabta. Ina jawo tsumman daga akwati kwalbar ta biyo shi ta gangara har gaban ƙafarsa. Ya ɗauka. Ya cire toshiyar da haƙori ya kai hanci, ya lumshe ido. Ƙamshin ya cika ɗan ɗakin garwar nan, ya danne warin gyambon.

"Na can ne?"

Na ce, "Na can ne."

Ya sake sansanawa, ya mayar da toshiyar a hankali, ya ajiye.

"Kin iya zaɓe, 'yar nan," in ji shi.

Ina riƙe da kwanon ruwan ɗumi a bayansa, ina kallon jan naman kafaɗarsa. Yanzu? Yanzu za ka faɗa, ba kowa a ɗakin sai ni da kai? Na so in yi ihu har a ji a bazan. Ban yi ba. Na jiƙa gammon na ɓanɓare shi, ya ja iska ta haƙori, na wanke na ɗaure. Ya mayar da rigarsa, ya dafa bango ya miƙe, ya ce akwai gida ɗaya da bai kai wa ba tukuna. Ya ɗauki sandar ya fita.